Riƙe Min Ita

Ummussalma Abdulmannan ta isa wurin aiki bayan an idar da sallar la'asar, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, goye da jaririyar da ba tata ba. Ba ta san sunan yarinyar ba, ba ta san garinsu ba, kuma ba ta ga fuskar uwarta ba, duk da cewa kujera ɗaya suka zauna.

Abin ya faru ne wata Talata a Haɗeja, a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka. Ummussalma ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke bakin gari, kan hanyar Auyo. A wannan makon aikin rana take yi, wanda ake karɓa bayan azahar. Ta fito daga gidansu a unguwar Matsaro da fararen kayan aiki a ƙarƙashin hijabi ruwan toka, da jaka a kafaɗa. Tun safe garin a tsaye yake, ko ganye ba ya motsi. Can gabas sama ta ɗan yi duhu, masu zaman bakin titi suna nuna wurin da baki suna cewa yau kam akwai ruwa.

A-daidaita-sahun da ya tsaya mata yana da mata biyu a baya. A can kusurwa akwai wata siririya, ta ja mayafi ta rufe har hanci, ta rungume babbar kular abinci a cinyarta. A tsakiya wata tsohuwa ce, da kwalin bandar kifi tsakanin ƙafafunta, da jaririya a hannu. Ummussalma ta yi sallama ta zauna a bakin ƙofa. Ko gyara zama ba ta gama ba tsohuwar ta miƙo mata yarinyar.

"'Yar nan, riƙe min ita in gyara kwalin nan, ya kusa huda min ƙafa."

Ta karɓa ba tare da wani tunani ba, kamar yadda kowace mace a garin za ta karɓa. A mota ɗan kowa na kowa ne, cinyar da babu kaya ita ce tasa. Yarinyar ba ta kai zama ba, tana da ɗankunne ƙarami da jan zare a wuyan hannu, kuma tana barci.

"Tubarkalla. Ya sunanta?" in ji Ummussalma.

Ba wanda ya amsa. Ta kusurwar ta kau da kai tana kallon waje. Tsohuwar kuwa ta riga ta shiga faɗa da direba.

"Zarami, ka taka a hankali, kifina ba ya son girgiza."

"Ya Gana, kifin da ya sha hayaƙi kwana da kwanaki, wace girgiza ce za ta dame shi?"

"Ta dame ni, ni mai shi. Uwarka ma haka kake tuƙa ta?"

"Ita ba ta hawa. Ta ce tana son ranta."

Ummussalma ta yanke a ranta cewa jikar tsohuwa ce, ita kuma ta kusurwar fasinja ce kawai da ba ta son magana. Ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta koma tunanin Barira, abokiyar aikinta, wadda ke jiran ta zo ta karɓe ta.

Ba su yi nisa ba iska ta fara. Da fari sanyi ta kawo, har Ya Gana ta ce alhamdulillahi. Sai ledoji suka tashi, sai awaki suka bar juji da gudu. Zarami ya leƙa gabas ya rage wuta. Abin da ke tahowa bango ne ja, daga ƙasa har inda ido ya ƙare, yana cinye gidaje layi bayan layi. Hasumiyar wani masallaci tana nan tsaye, da Ummussalma ta ƙifta ido ta sake dubawa babu ita.

"Wannan ba ruwa ba ne," in ji Zarami. "Holoƙo ne."

Ya rufe baki ke nan abin ya iso. Garin ya yi ja, ya yi baƙi-baƙi, sannan ya zama dare. Yashi yana dukan fuska kamar ana watsa shi da faranti. Wani abu ya faɗo wa rufin keken da ƙara, ya yage tamfol ɗin daga gaba zuwa baya. Daga baya aka gane kwanon rufin wani gida ne. Keken ya karkata, ya daki gefen kwalbati, ya mutu.

"Ku sauka ku nemi bango," Zarami yake cewa daga wani wuri a cikin duhun. "Kowa ya nemi bango."

Ummussalma ce a bakin ƙofa, ita ta fara sauka. Ta cusa yarinyar cikin hijabinta, ta dafe mata kai a ƙirji, ta sunkuya ta nufi inda take zaton akwai gini. Wani abu ya riƙe mata hijabi ta baya, ya ja, ya sake ja. Ta ɗauka ƙarfen keken ne ya sarƙe shi, ta fizge da ƙarfi. Ta ji murya tana cewa baiwar Allah, baiwar Allah, amma a wannan lokacin duk titin kira ne, kuma kowace mace a Haɗeja baiwar Allah ce. Takalminta ɗaya ya fita a cikin kwata, ba ta tsaya ba. Hannunta ya taɓa bango, ta bi shi tana lalube har ta samu ƙofa a buɗe.

Wurin injin casar shinkafa ne. Mutane sun cika shi, wasu sun kunna fitilar waya, hasken bai wuce tsawon hannu ba. Wani yana ta salati da ƙarfi. Wani yana tambaya ko husufin rana ne a yi sallah, wani ya ce masa ya fara nemo alƙibla tukuna. Ummussalma ta samu buhun ƙaiƙayi ta zauna, ta leƙa cikin hijabi. Yarinyar ta farka, tana kallonta, ba ta kuka. Ta sa yatsa ta share mata hanci, ta saurari numfashinta. Lafiya lau.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ya Gana mai kifi, kina nan?"

Ta sake kira. Wata mata ta ce mata nan babu mai kifi, sai mai awara.

Ba ta iya cewa ga tsawon lokacin da suka zauna ba. Duhun ya koma ja, jan ya koma ruwan ƙasa, ya tsaya a haka. Iskar ta rage amma ƙurar ba ta sauka ba, ta rataye a sama kamar hayaƙin dafa kifi. Mutane suka fara fita. Ummussalma ta ciro zanen da take ajiyewa a jaka, ta goya yarinyar, ta sake rufa hijabi a kai, ta bi bayansu.

Babu keke a waje. Babu kwalbatin da suka daka, babu kwatar da ta ci takalminta. Akwai wata bishiyar darbejiya kwance a tsakiyar titi wadda ba ta tuna da ita a tsaye ba. Ta yi gaba, ta dawo, ta tsaya. Sai wani mai ɗinkin buhu ya gaya mata gidan injin ƙofa biyu gare shi, ɗaya a wannan layin, ɗaya a na baya. Ta koma ciki ta fita ta ɗayar. Nan ga kwalbati, ga alamar taya a yashi, ga ɓallen tamfol. Keken ya tafi.

Ta ciro waya. Babu sabis. Ko da akwai, ba ta san wa za ta kira ba.

Abu ɗaya take da shi: tsohuwa mai suna Ya Gana, da kwalin banda. Mai banda kuwa kasuwar kifi za ta. Ta tsayar da ɗan acaɓa wanda ya naɗe kansa da rawani har ido, fitilarsa a kunne da rana tsaka.

"Kasuwar kifi."

"Hau, Hajiya. In tana inda na bar ta."

Suka shiga gari. Allunan shaguna sun faɗi, waɗanda ba su faɗi ba ƙura ta shafe rubutunsu. Kowane a-daidaita-sahu da suka wuce ta leƙa shi, duk launinsu ɗaya, duk direbobin sun rufe fuska. Matan da ke tafe a gefen titi ma launinsu ɗaya, mai shuɗi da mai kore duk sun koma ruwan ƙasa. Wayoyin lantarki suna kwance a hanya, ɗan acaɓan yana kauce musu, yana shiga lungu yana fita wani. Sau biyu ta ga kamar sun wuce masallaci ɗaya. Daga nan titin ya ƙare, ƙasa ta yi laushi, ta ga jiragen kwale-kwale a kife da komar wani a sarƙe a kan ƙaya.

"Malam, nan ai bakin kogi ne."

"Na gani, Hajiya. Ɗazu ba ya nan."

Ya juya. A karo na biyu hancinta ne ya nuna musu hanya, domin ko holoƙo bai iya kwashe ƙaurin banda daga wannan kasuwa ba.

'Yan kasuwar suna kakkaɓe tabarmi da buhunan da suka rufe kifi. Ta tambayi Ya Gana, aka ce wacce, akwai su uku. Ta ce mai faɗa. Aka nuna mata rumfa. Tsohuwar tana zaune tana hure ƙura daga tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya, girarta da gashin idonta sun yi fari.

"Sannu Iya. Alhamdulillahi da na same ki. Ga jikarki, ba abin da ya same ta."

Ta fara kwance goyon. Ya Gana ta ɗago ta dube ta, ta dubi ƙafar yarinyar da ta leƙo.

"Jikar wa?"

"Taki. Wadda kika ba ni a keke."

"Ni na ba ki, amma ba tawa ba ce. Jikokina duk sun fi ƙarfin goyo, ƙaraminsu satar kifina yake yi." Ta ajiye tarwaɗar. "Ba ki mayar wa yarinyar nan ba?"

"Wace yarinya?"

"Ta kusurwa, mai kula. Da na shiga na tarar da ita ga kula ga jaririya, tana fama, na ce kawo ta nan. Ke kuma kika shigo cinyarki ba komai."

Ummussalma ta mayar da ɗaurin zanen. Ta ji ƙafar da babu takalmi tana mata zafi, a karon farko.

"Na tambayi sunanta a gabanta, Iya. Kau da kai ta yi. Ko kallon yarinyar ba ta yi ba tun da na shiga."

"Ni ma na tambaye ta, na ce taki ce? Ta sunkuyar da kai ta ce ta gidanmu ce."

Suka kalli juna. Babu wadda ta buƙaci a yi mata bayani. Mahaifiyar Ummussalma har yau ba ta taɓa kiran sunan babban wansu ba, sai dai ta ce wancan, ko mai gidan gabas, kuma in baƙi suka yaba shi sai ta tashi ta shiga ɗaki. 'Yar ƙauye mai haihuwar fari, a gaban tsohuwa sa'ar kakarta, ba za ta buɗe baki ta ce tawa ce ba, balle ta faɗi suna.

"'Yar fari ce," in ji Ya Gana. "Ni da na haifi tara, na zauna kusa da ita ban lura ba. Kifi ya cinye min hankali."

Ummussalma ta tuna abin da ya riƙe mata hijabi. Ƙarfe ba ya ja sau biyu. Ta tuna muryar, siririya ce, kuma kusa take ƙwarai.

"Ta kama ni," ta ce. "Na fizge."

"To, ya wuce. Yanzu ki zauna a nan. Masu nema biyu ba sa haɗuwa, dole ɗaya ya zauna."

"Ba ta san nan ba, Iya. Ina Zarami?"

Yana bakin kasuwa, a kan rufin kekensa, yana ɗinke tamfol da zaren buhu. Da ya ga goyon ya sauko.

"Au, ke ce. Ai yarinyar nan mai kula ta kusa tsinka min riga. Da gari ya ɗan waye na ga Ya Gana a gindin bango, ita kuma tana zagaya keken tana leƙa ƙarƙashinsa. Na fara kawo Ya Gana nan, don kusa ne, tana ta kifina kifina, ko waiwaye ba ta yi ba. Muna juyawa yarinyar ta ce ina matar da ta riƙe yarinyar gidansu. Na ce kwantar da hankalinki, na ga farin wando a ƙasan hijabi, nas ce. Nas kuma a ina ake samunta? Na kai ta babban asibiti, ko sisinta ban karɓa ba."

"Ni ba a can nake aiki ba."

"To ai ba ki faɗa ba."

"Na faɗa, da zan hau. Na ce hanyar Auyo."

Zarami ya sosa ƙeya, ƙura ta zubo. "Kin faɗa," ya ce. "Wallahi kin faɗa. Kwanon nan da ya faɗo, da shi ya tafi."

"Ta gaya maka sunanta? Daga ina ta hau?"

"A bakin tasha ta hau. Daga wace mota ta sauko, Allah masani. Ga kularta ma ta manta."

Kular tana ƙarƙashin kujera. Ummussalma ta buɗe: tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, har yanzu da ɗumi, na mutum uku ko huɗu. Babu suna a jiki, sai ɗigon jan farce a murfi, irin alamar da mata ke yi don kada kwanonsu ya ɓace a gidan biki. Wa za ta kai wa, majinyaci ko masu aikin gona ko gidan suna, tuwon bai faɗa ba.

Zarami ya bar ɗinkin a rabi ya tayar da keke. Ya Gana ta biyo su har bakin titi tana cewa in an ga uwar yarinyar a ce mata tsohuwar nan ta ce ta yafe mata.

Babban asibiti cike yake da waɗanda kwano ya yanka da masu tarin ƙura. Maigadin ƙofa ya tuna da ita nan take.

"Wata 'yar siririya, ba ta buɗe fuska? Ta shiga ko'ina, har ɗakin maza. Duk nas ɗin da ta gani sai ta zagaya bayanta ta duba. Aka tambaye ta sunan yarinyar don a yi cigiya, ta tsaya tana kuka, sai wata nas ta ce ai kya faɗa, yau ba ranar kunya ba ce. Ta faɗa a hankali."

"Wane suna ta ce?"

Maigadin ya yi tunani. "Janareta yana aiki a lokacin. Wadda ta ji kuma ta tashi daga aiki."

"Yanzu tana ina?"

"Wani ya ce mata akwai ƙaramin asibiti a hanyar Auyo, su ma fari suke sawa. Ta fita da gudu. Na ga ta tsayar da motar Auyo a can, ta shiga."

A hanya yarinyar ta fara kuka. Da fari ƙorafi ne, tana goga fuska a bayan Ummussalma tana neman abin da babu. Kafin su fita gari kukan ya zama na gaske. Ummussalma tana jijjiga ta, tana kallon kowace mace a gefen titi. Ranta ya ɗan kwanta duk da haka, domin uwar tana gabansu, kuma wuri ɗaya suka nufa.

Ƙofar asibitin a rufe take saboda ƙura. Allon da ke ɗauke da sunansa, wanda yake tsaye a bakin titi tun da aka buɗe wurin, yana kwance a cikin gonar maƙwabta, fuskarsa a ƙasa. In ba wanda ya san wurin ba, gida ne kawai mai katanga cikin gidaje masu katanga.

Barira ce ta buɗe, da nata ɗan a kafaɗa, Abdulmuhaimin, wanda take zuwa aiki da shi saboda bai isa yaye ba.

"Sannu da zuwa, uwar ɗakina. Na ce ko sai gobe." Sai ta ga goyon. "Ikon Allah. Da safe ba ki da ciki."

"Ba wadda ta zo neman jaririya?"

"Tun da abin nan ya taso ko kaza ba ta shigo ba."

Mai shayin da ke tsallaken titi ya ce ya ga motar Auyo ta wuce, ba da daɗewa ba, da wata mace ta fito da kai ta taga tana duba gefe da gefe. Motar ba ta tsaya ba. Ko direban baƙo ne, ko shi ma allon yake nema, mai shayi bai sani ba.

Zarami ya ce zai bi su. Ummussalma ta buɗe baki za ta ce za ta hau, sai ta fasa.

"Ka je kai kaɗai. In ka gan ta ka kawo ta. Ni ina nan."

A ciki ta ba Barira labarin a tsaye, cikin kukan yarinyar. Suka gwada ruwan ɗumi da cokali, ta furzar. Babu madarar jarirai a asibitin, kantin da ke sayarwa kuma rufinsa ne ya tafi. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta fara dushewa. Ummussalma ta dubi Barira. Barira ta dubi bango.

"Kar ki kalle ni."

"Ban ce komai ba."

"Idonki ya ce. Kin san in ta sha ko sau ɗaya ta zama ƙanwar Abdulmuhaimin har tashin duniya. Ban tambayi ubansa ba, ban san nata uban ba. Ya girma ya je wani ƙauye ya ga yarinya ya ce yana so, wa zai gaya masa?"

"Sai ki ce masa duk wadda ya gani ya fara tambaya ko an taɓa ɓatar da ita a holoƙo."

"Ke komai wasa ne."

"Ba wasa nake ba, Barira. Tun azahar ba ta sha komai ba. Taɓa maɗigarta."

Barira ta taɓa. Sannan ta miƙa wa Ummussalma ɗanta, ta zauna a kan benci ta juya baya ta yi bisimilla. Kukan ya yanke kamar an rufe famfo.

"Ke ce shaida," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "In uwarta ta zo, kafin ta fita sai ta faɗa min sunan yarinyar nan da na ubanta da na kakanta. Ba ruwana da kunyarta."

Aka aika wa mai unguwa, ya ce a yi cigiya a masallatai bayan magariba. Sai dai babu wuta a garin, masallatan da lasifikarsu ke aiki da batir kaɗan ne, kuma cigiyar ba ta da suna a ciki. Abin da za a iya faɗa shi ne an tsinci jaririya mai jan zare a hannu, wadda ba a tsince ta ba, miƙa ta aka yi.

Barira ta kawo wa Ummussalma ruwa a buta da silifas da wani hijabi mai tsabta. Ta karɓi silifas ɗin, ta wanke ƙafar da ta yanke, ta mayar da hijabin.

"Ki canza mana, kin yi kama da wadda aka tono."

"Da wannan ta san ni. Ba ta ga fuskata sosai ba, ni ban ga tata ba."

Ta sa maigadin asibitinsu ya buɗe ƙofar duka biyu, ya ɗago allon ya jingina shi da katanga. Ta fitar da benci bakin titi, ta ɗora kular a gefenta yadda ɗigon jan farcen zai kalli hanya, ta ɗage hijabin kaɗan don farin wandon ya fito. Ta zaunar da yarinyar a cinya, fuskarta ga titi, kamar yadda take a cikin keke. Barira, wadda lokacin tashinta ya wuce tuntuni, ta ce za ta riƙe ɗakin haihuwa har a ga abin da Allah zai yi.

Ƙurar ta fara sauka a hankali, tana kwanciya a kan komai. Ruwa bai zo ba. Motoci biyu suka taho daga wajen Auyo, Ummussalma ta miƙe wa kowacce, ta ɗaga yarinyar. Ta farko buhunan shinkafa ta ɗauko. Ta biyu ta rage gudu, fasinjojin suka kalle ta, suka wuce.

Zarami ya dawo ana kiran magariba, shi kaɗai. Ya samu direban motar a tashar Auyo. Direban ya ce ƙwarai ya ɗauki wata yarinya mai kuka, amma ba ta kai Auyo ba. Da ta ga gidaje sun ƙare, gonaki sun fara, ta buga jikin mota ta ce an wuce, ta sauka a tsakiyar hanya. Ya gan ta a madubi tana tsaye. Bai lura da wajen da ta nufa ba, kuma Zarami, da ya bi hanyar zuwa da dawowa, bai gamu da kowa a ƙafa ba.